Yadda na shiga ajin yoga na ɗaliban rubutu a birnin Pune

Duk wanda ya san harkar rubutun labaran Hausa a intanet ya san cewa da manyan yatsu biyu ake yin sa, a kan waya, galibi da daddare bayan an kammala aikin gida, kuma a kishingiɗe. Haka na rubuta labaraina na farko a Kano, ina sakin shafi bayan shafi a zaurukan WhatsApp, masu karatu kuwa ba sa barin marubuciya ta huta, domin da zarar gari ya waye ba su ga ci gaba ba sai saƙonni su fara shigowa, wasu da roƙo, wasu da gori, wasu kuma suna tuna mini cewa sun biya kuɗinsu. Babu wanda ya ɗauki wannan sana'a a matsayin aikin ƙarfi a gidanmu, tunda mai yin ta tana kwance ne a kan katifa, ba daka take yi ba, ba kuma ɗebo ruwa ba.

Ciwon ya fara ne daga ƙeya, ya sauko wuya, sannan ya samu wurin zama a kafaɗar dama, daga baya kuma babban yatsana da manuniya suka riƙa sagewa har wayar takan suɓuce daga hannuna ban sani ba. Umma ta ce sanyi ne, ta sa aka sayo man zafi. Wata ƙawata marubuciya ta ja ni gefe a wajen wani biki ta ce in tashi tsaye da addu'a domin ba kowa ne yake son ganin sunana yana tashe ba, abin da take nufi kuwa sammu ne, ko da yake ba ta furta ba. An yi mini ƙaho, na ji sauƙi na ɗan lokaci. Abin da na fi dogara da shi shi ne ƙwayoyin kashe raɗaɗi na kemis, irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda suke kwantar da wuyan su tayar da ciki, har ta kai ƙwannafi ya raba ni da duk wani abinci mai yaji.

Bayan annobar korona ta lafa, Allah ya ba ni damar karatun digiri na biyu a fannin adabin Ingilishi a Indiya, muka tafi ni da maigidana, wanda shi ma karatu ya kai shi. Birnin Pune muka sauka, a jihar Maharashtra, tafiyar kimanin sa'o'i uku a mota daga Mumbai. Gari ne na makarantu, akwai Kwalejin Fergusson da aka kafa tun 1885, akwai babbar cibiyar koyar da harkar fim ta ƙasar wadda aka kafa a 1960, ga kuma ɗalibai daga Iran da Afghanistan da Yemen da ƙasashen Afirka. Mun kama haya a unguwar Kondhwa, inda Musulmi suke da yawa, ana jin kiran sallah daga ɗaki, naman halal kuma ba ya wahalar samu.

A can na shiga wani zama na ɗalibai masu sha'awar rubutu, wanda ake yi duk ranar Asabar a wani ɗaki da ke saman kantin littattafai. Kowa yakan karanta abin da ya rubuta a cikin makon, sauran kuma su yi masa gyara. Akwai masu waƙa da harshen Marathi, akwai masu koyon rubutun fim, akwai wata 'yar Iran mai fassara, da wata 'yar Habasha da ke fama da kundin digirinta na uku, da wata Kirista daga Kerala mai rubuta gajerun labarai. Harsunanmu da addinanmu sun bambanta, amma na lura cewa kafin a fara karatu kusan kowa yana murza wuyansa ko yana girgiza tsintsiyar hannu, kuma hirar maganin ciwon baya takan ci lokaci fiye da hirar littattafai.

Nauyin karatu ya ƙara tsananta nawa ciwon, domin yanzu ga waya ga kwamfuta, don haka maigidana ya matsa sai da na je wurin likitar gashin ƙashi. Ba ta fara da tambayar inda ke ciwo ba, sai ta ce in ɗauki wayata in nuna mata yadda nake rubutu. Da ta gani, ta bayyana mini cewa kan babban mutum yana da nauyin kimanin kilo 5 idan yana zaune daidai a kan wuya, amma wani likitan ƙashin baya a New York ya lissafa a 2014 cewa idan aka sunkuyar da shi sosai, kamar yadda mai kallon waya yake yi, nauyin da wuya ke ɗauka yakan kai kilo 27. Ta ce jijiyar da ta taso daga wuya zuwa hannu ce take ɗan matsuwa, abin bai kai ga tiyata ba, amma ƙwaya ba za ta gyara zaman da ya jawo shi ba. Ta koya mini wasu motsi, ta kuma ce idan na samu ajin yoga mai sauƙi, wato tsarin motsa jiki da sarrafa numfashi na Indiya, a hannun wanda ya san aikinsa in shiga, da sharaɗin kada in yarda a sa ni tsayuwa a kan kai ko a kan kafaɗa.

Ba a jima ba ɗaya daga cikin masu waƙar nan ta kawo shawara a zamanmu. Tana da gwaggo, tsohuwar malamar makaranta da ta yi ritaya, wadda ta shafe shekaru tana koyon yoga, kuma ta yarda ta buɗe wa 'yan zamanmu aji na 'yan koyo da sassafe a kan kuɗi kaɗan, mata daban, maza daban. Kowa ya yi murna ban da ni. Abin da na sani game da yoga daga wurare biyu ya zo mini: finafinan Indiya da muka tashi muna kallo a Kano, inda ake nuna mai dogon gemu ya naɗe ƙafa a gaban gunki, da kuma hotunan matan Turawa cikin matsattsun kaya suna lanƙwasa jiki. Babu ɗaya daga cikin biyun da na ga ya dace da matar aure Musulma.

Na kira kawuna, ƙanin Umma, wanda yake karantar da littattafan fiƙihu a zaurensa, na zayyana masa komai. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "'Yar nan, ban taɓa ganin abin nan ba, saboda haka ba zan yanke miki hukunci a kan suna kawai ba. Ki je ki gano mini me ake faɗa a wurin, wa ake fuskanta, kuma wa yake kallonki." Na ce, "To, Kawu, idan na tarar akwai gaisuwar rana fa, wato jerin motsin da ake yi don girmama rana? Na ji ana yi." Ya karanto mini ayar Suratu Fussilat da ta hana yin sujada ga rana da wata, ya ce wannan kam babu zancen sassauci a cikinsa. Amma ya ƙara da cewa kada in manta da abin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa wa Abdullahi ɗan Amr ɗan Asi lokacin da ya tsananta wa kansa da azumi da tsayuwar dare, cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa. Idan har ibada ba ta zama uzurin cutar da jiki ba, in ji Kawu, to rubutun labari ba zai zama ba.

Na shiga bincike, na kuma tarar ba ni kaɗai abin ya dama ba. A watan Nuwamba na 2008 majalisar fatawa ta Maleshiya ta hana Musulmi yoga saboda abubuwan bauta da ke gauraye da ita. A farkon 2009 majalisar malamai ta Indonesiya ta rarrabe: wadda ta ƙunshi karance-karance da al'adun bautar Hindu haramun ce, wadda kuwa motsa jiki ce zalla babu laifi. Saudiyya ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki a 2017, bayan ƙoƙarin wata mata 'yar ƙasar, Nouf Marwaai, wadda Indiya ta ba lambar girmamawa ta Padma Shri a 2018. A Indiyar kanta ma an yi wannan taƙaddama. Firaminista Narendra Modi ne ya nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa yoga rana ta musamman, majalisar ta amince a ranar 11 ga Disamba 2014, aka tsayar da 21 ga Yuni, amma da aka zo bikin farko a 2015 ƙungiyoyin Musulmin ƙasar sun nuna rashin amincewa da gaisuwar rana, kuma ba a sa ta a cikin tsarin da gwamnati ta fitar ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne labarin Al-Biruni, masanin nan da aka haifa a 973, wanda ya koyi Sanskrit, tsohon harshen Indiya, a zamanin Sarki Mahmud na Ghazna, ya kuma fassara littafin wani malamin Indiya na zamanin da mai suna Patanjali, littafin da yake tushen falsafar yoga, zuwa Larabci kusan shekara dubu da ta wuce. Cikin zumuɗi na sake kiran Kawu na ba shi labari. Ya yi dariya ya ce, "Fassara ba fatawa ba ce, 'yar nan. Ya fassara ne don a san abin da mutanen suke faɗa. Ki tsaya a kan tambayoyin da na ba ki."

Da tambayoyin na je wurin malamar, a gidanta, kafin a fara ajin. Tsohuwa ce siririya mai furfura, ta zaunar da ni ta ba ni shayi, ta kuma amsa mini ba tare da kwana-kwana ba. Ta ce a makarantar da ta yi karatu ana buɗe kowane aji da furta Om, sautin da mabiya addinin Hindu suke tsarkakewa, da kuma karanta yabon Patanjali, kuma ita a wurinta yoga ba motsa jiki ba ce kawai, wani ɓangare ne na addininta, ba za ta ɓoye mini wannan ba. Sai dai ta koyar da Musulmi da Kirista da yawa a Pune, don haka a ajinmu za ta yi nata karatun ita kaɗai kafin mu iso, babu gunki ko hoto a ɗakin, babu gaisuwar rana, babu kuma namijin da zai shigo. Wannan gaskiyar tata ce ta sa na amince da ita. Har yau ba na jin daɗin masu cewa yoga ba ta da wata alaƙa da addini, domin maganar ba gaskiya ba ce, kuma rashin adalci ne ga masu abin. Abin da za a iya cewa shi ne, a cikinta akwai miƙe jijiya da daidaita ƙashi da sarrafa numfashi waɗanda ake iya ɗauka su kaɗai, mai ɗauka kuma ya san abin da ya ɗauka da abin da ya bari. Na kai wa Kawu amsoshin, ya ce in je, Allah ya ba da lafiya.

A bakin malamar na fara jin cewa yawancin tsare-tsaren motsin da duniya ta sani a yau ba su daɗe ba. Littafin Patanjali gajerun jimloli ne kusan 195, kuma uku ne kacal a cikinsu suka yi maganar yadda jiki zai zauna, suna cewa zaman ya kasance tabbatacce kuma mai daɗi. Jerin motsin gaisuwar rana, wani basarake na masarautar Aundh a nan Maharashtra ne ya yaɗa shi a shekarun 1920. A shekarun 1930 wani malami mai suna Krishnamacharya ya koyar a fadar Mysore, cikin ɗalibansa kuwa har da ƙanin matarsa, B.K.S. Iyengar, yaron da zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka da taifot suka raunana. Shi ne aka turo Pune a 1937 yana matashi, ya zauna, ya buɗe cibiyarsa a 1975 da sunan matarsa Ramamani, ya kuma rasu a 2014 yana da shekara 95. Tafarkinsa malamarmu take bi, kuma abin da aka fi sanin tafarkin da shi shi ne amfani da kayan tallafi, wato bulon katako da ɗamara da bargo da matashi da kujera da bango, domin wanda jikinsa bai kai ba ya samu amfanin motsin ba tare da ya ji wa kansa ciwo ba.

Wanda ya zo ajinmu don ganin abin burgewa zai koma da takaici. Da doguwar riga da wando irin na matan Indiya nake zuwa, da ƙaramin hijabi, kuma darasin farko gaba ɗayansa a kan tsayuwa ya ƙare. Ta sa muka jingina da bango, diddige da ƙugu da allon kafaɗa duk suna taɓa shi, sannan ta ce kowace ta mayar da ƙeyarta ta taɓa bangon ba tare da ta ɗaga haɓa ba. A cikinmu, mu masu taƙama da alƙalami, kaɗan ne suka iya. Tawa ƙeyar ta tsaya can gaba, tsakaninta da bango akwai tazarar da malamar ta zura tafin hannunta a ciki. Jiki magayi, shekarun da na yi a sunkuye sun bayyana a wannan tazara fiye da yadda zan iya bayyana su da baki.

Daga nan aka ci gaba a hankali. Mukan durƙusa a kan gwiwa da tafin hannu, mu gantsare yayin shaƙar numfashi, mu yi doro yayin fitar da shi. Mukan riƙe ɗamara da hannu biyu a buɗe, mu ɗaga ta sama da kai iya inda kafaɗa ta yarda, mu tsaya a nan. Mukan zauna a kujera mu juya gangar jiki gefe ɗaya muna riƙe da majinginta, sannan ɗaya gefen. Saboda mu marubuta ne, ta ware lokaci na musamman ga hannu: a manna tafin hannu a bango, yatsu suna kallon ƙasa, a miƙe gwiwar hannu har a ji jan ya bi ta damtse, a buɗe yatsu a dunƙule, a murza gindin babban yatsa. Wanda na fi so shi ne kwanciya rigingine a kan bargo naɗaɗɗe da aka sa a tsawon gadon baya, hannaye a baje, domin a nan ƙirjin da ya saba rufewa a kan waya yake buɗewa, numfashi kuma ya sauka har ƙasan haƙarƙari. Akan rufe da ɗora ƙafafu a jikin bango, sannan a kwanta shiru na wasu mintoci, kuma ba sau ɗaya ba 'yar Habashar nan ta yi barci har da minshari, malamar ta hana a tashe ta.

Wata rana ɗaya daga cikinmu ta zo da ƙaton ƙamus don ta taka a madadin bulon katako, malamar ta karɓe shi da sauri ta ɗora a kan tebur, ta ce a gidanta ba a taka littafi. Na tuna yadda ake tsawata mana muna yara idan muka tsallake allo ko muka bar takarda mai rubutu a ƙasa.

Dokarta guda ɗaya ce, tana kuma maimaita ta a kowane aji: jan jijiya daban, zafi daban, idan abu ya soke ki ko ya sage miki yatsa, ki dawo baya. Wannan doka ta yi mini wuyar karɓa fiye da kowane motsi. An rene mu a kan dauriya, macen da ta yi raki a ɗakin haihuwa ma abin gori ce, a harkar rubutu kuwa kwana ba barci da ciwon ido abin alfahari ne da ake nuna wa masu karatu don su san an sha wuya dominsu. Malamar takan tsaya a kaina ta ce in saki muƙamuƙi, domin ta lura ina cije haƙora ina tura jikina inda bai shirya zuwa ba. Ta ce a ajinta babu wadda za a yaba wa don ta jure, kuma rabin motsi da numfashi mai kyau ya fi cikakken motsi da riƙe numfashi.

Sau ɗaya na ci karo da abin da zuciyata ta ƙi. Akwai wani zaman hutu da ake durƙusawa, a zauna a kan diddige, a miƙa hannaye gaba, a kafa goshi a ƙasa. Da na ga sauran sun yi, sai na ga sujada ce sak, na kuwa tsaya ban yi ba. Na san niyya ce take mayar da aiki ibada, na kuma san babu abin da ake fuskanta a ɗakin sai bango, amma goshina bai saba taɓa ƙasa ba sai don Allah, ban kuma so ya saba. 'Yar Iran ɗin nan, wadda ita ma Musulma ce, ta yi abinta ba ta ga komai a ciki ba, ban kuma ce ta yi laifi ba. Malamar ba ta tambaye ni dalili ba, ta jawo kujera ta ajiye a gabana, ta ce in naɗe hannaye a kanta in ɗora kumatuna a kai. Bayana ya samu miƙewar da ake nema, haka kuma na ci gaba da yi har na bar garin.

Sauƙin bai zo da sauri ba. Sai da damina ta shigo a watan Yuni ta kusa fita sannan na lura cewa na daina neman ƙwaya da yamma, sagewar yatsun ta ragu ƙwarai, ciwon kan da yake tasowa daga ƙeya kuma ya zama na jefi-jefi. Ba zan jingina wannan duka ga yoga ba, domin a daidai lokacin na bi shawarar likitar na ɗaga kwamfuta zuwa daidai idona, na daina dogon rubutu a waya, na kuma riƙa miƙewa tsaye a tsakanin aiki. Na dai san cewa ajin ne ya sa na iya gane lokacin da kafaɗata ta fara hawa zuwa kunne, in sauke ta tun kafin ta zama ciwo. Na kuma ji daɗi da na ga ƙungiyar likitoci ta American College of Physicians ta sa yoga, a jagorarta ta 2017, cikin abubuwan da ake fara gwadawa kafin magani ga mai daɗaɗɗen ciwon baya.

Game da rubutu, an sha tambayata ko yoga tana kawo basira. Ba ta kawo mini ko jimla ɗaya ba. Labarin da ya cije yana nan a cije bayan an naɗe tabarma. Abin da ta ba ni shi ne ikon zama a kan aiki na tsawon lokaci ba tare da rabin hankalina yana kan kafaɗata ba, da kuma numfashin karatu a gaban jama'a. A da idan layi ya zo kaina a zaman Asabar, ga Ingilishi ba harshen uwa ba, muryata takan shaƙe tun a sakin layi na farko. Malamar ta koya mana tsawaita fitar numfashi fiye da shigarsa, sai na riƙa yin haka kafin in fara, na kuma ga ina kai ƙarshen dogayen jimlolina ba tare da na yanke su a tsakiya ba.

Akwai kuma abin da ajin ya yi wa zaman namu wanda babu wanda ya shirya shi. A cikinmu akwai wata mai waƙa da kowa yake tsoron gyaranta, domin takan fatattaki rubutun mutum ba sani ba sabo, har ta taɓa sa wata yarinya kuka. A ajin yoga ita ce mafi taurin jiki, ko gwiwarta ba ta iya taɓawa idan ta sunkuya, kullum kuma malamar tana ƙara mata bulo da bargo, tana ce mata nan ne jikinta ya kai yau, babu laifi. Ban san abin da ya gudana a zuciyarta ba, amma bayan wani lokaci gyaranta ya canza salo. Ba ta daina faɗin gaskiya ba, sai dai ta fara tambayar marubuci abin da yake ƙoƙarin yi kafin ta gaya masa inda ya gaza. Mu ma da muka ga juna da sassafe muna tangaɗi a kan ƙafa ɗaya, mun rage jin kunyar kawo rubutun da bai nuna ba.

Ba kowa ne ya ji da daɗi ba. Wani daga ɓangaren maza ya ga ajin ya yi masa sanyi, ya koma bin bidiyo a YouTube yana gwada tsayuwa a kan kai shi kaɗai a ɗaki, ya ƙare da abin tallafe wuya na makonni. Malamar kanta takan tambayi duk sabuwar zuwa ko tana da hawan jini, ko ciwon ido na hawan ruwa, ko juna biyu, ko an taɓa yi mata tiyata, kuma akwai wadda ta mayar ta ce sai ta kawo izinin likita. Da azumi ya zo ta rage mana mu Musulmi duk wani motsin tsaye, ta bar mu da na kwance da na zaune.

Da muka dawo Kano na kai wa kafinta awo ya yanka mini bulon katako, gyale ya maye gurbin ɗamara, bargo kuwa akwai shi a kowane gida. Bayan sallar asuba nake yi, kafin zafi ya taso. Wasu marubuta mata da suka ji labari sun fara zuwa gidana muna yi tare, kuma nakan gaya musu tun farko cewa ni ba malamar yoga ba ce, abin da aka koya mini na 'yan koyo kawai nake nunawa, duk wadda kuma yatsunta ke sagewa ko ciwon yake sauka ƙafarta nakan tura ta asibiti kafin ta hau tabarma. Nakan kuma faɗa musu asalin abin da abin da na bari a cikinsa, domin kowace ta yanke wa kanta hukunci ko ta tambayi malaminta. Ƙawata da ta yi mini zancen sammu tana cikin masu zuwa. Wata kuma, wadda nake girmama iliminta ƙwarai, ta saurari bayanina gaba ɗaya ta ce ita zuciyarta ba ta natsu ba, tunda tushen abin bauta ne. Ban ja da ita ba, na rubuta mata motsin wuya da na hannu da likitar gashin ƙashi ta ba ni, waɗanda ba su da alaƙa da yoga, su take yi a gidanta, kuma ta ce mini kafaɗarta ta fara saki.